Yadda Na Lalata wa Surukata Inji Uku

Jama'a, kafin kowa ya zare min takobi a wajen sharhi, bari in fara amsa laifina da bakina. Eh, ni ce. Ni ce sanadin da Mai Kemis na bakin layin surukata ya koma ɓuya bayan kanta duk sanda ya hango mayafinta. Bawan Allah bai ji ba bai gani ba, hannuna ne ya ja masa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da huɗu, aurena wata goma sha ɗaya, cikina wata shida. Mijina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shi ya sa a wayata sunansa Mai Firji, da hoton zuciya ɗaya a gefe. Ya nemi in ƙara ta biyu, na ce sai ranar da ya gyara firjin gidanmu, wanda shi kaɗai ne a duk garin yake gurnani ba mai kula shi.

Ina da wani ciwo da aka gano tun ina shekara goma sha tara. Sunansa ko likitata sai ta gyara zama kafin ta faɗe shi, don haka ku bar sunan. Manyan jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya ne suke kumbura ta ciki, hanyar ta tsuke. Ni nawa waɗanda ke zuwa hannu ya kama. Hannuna na hagu, ko wuni za ka yi kana lalube ba za ka ji bugun jini ba. Na dama akwai, amma kamar mai raɗa. In na daɗe ina shanya ko taje kai sai hannun ya mutu min murus. Ban da wannan garau nake, in kuka gan ni a biki ba za ku ce ga mai ciwo ba.

Kafin in samu ciki sai da likitata ta tabbatar ciwon ya kwanta, ta canja min wasu magunguna, sannan ta zaunar da mu ni da Mai Firji.

"Mata irinki suna haihuwa lafiya," ta ce. "Abokin gabarmu ɗaya ne, hawan jini. Kuma hannunki maƙaryaci ne, ko jininki ya kai rufin ɗaki zai ce ƙasa yake. A ƙafa za a riƙa auna ki, kina kwance, kullum da safe. In ya wuce ɗari da sittin, ko kanki ya sara, ko kika fara ganin walƙiya, ki taho ko da takalmi ƙafa ɗaya ne."

Tun daga ranar Mai Firji ya zama likitan ƙafa. Kullum kafin ya fita sai ya tsuguna ya ɗaura min abin awo a idon sawu, yana cewa a duk abokansa shi kaɗai ne yake durƙusa wa matarsa da izinin asibiti.

Shi ya san komai tun kafin aure. Mahaifiyarsa, Hajiya, ita ce ba ta sani ba, kuma wannan aikin Ummata ne.

"Ciwon da ba a gani a fuska ba a kai shi gidan miji a faranti," in ji Umma. "Ki haihu tukuna. In suka ga jariri, ko ƙaho aka ce kina da shi za su ce ado ne."

To sai ga Mai Firji ya samu aikin haɗa ɗakin sanyi a wani kamfanin kifi a wani gari, sati biyu cur. Aka yanke in koma wajen Hajiya kafin ya dawo. Umma ta zo taya ni haɗa kaya. Tana ganin injin awonmu a cikin akwati ta zaro shi da yatsa biyu kamar ta ga ɓera.

"Wannan fa? So kike ta ce kin taho mata da asibiti?"

"Umma, likita ta ce kullum..."

"Sati biyu ne. Ki sha maganinki a ɓoye, shi ke nan."

Ta cusa injin a jakarta. Maganin kumburin jijiya muka naɗe a safa, na hawan jini kuma muka saka a tsohon gwangwanin man shafawa. Ni ma da na biye mata, ai ba yarinya ba ce. Tsoro ne kawai, ina son matar nan ta so ni.

Hajiya tsohuwar shugabar makaranta ce, doguwa, gilashinta na rataye da sarƙa a wuya, kuma har yau in ta ce "zauna" sai ka nemi benci. Falonta kujeru ne masu ruwan toka da ledarsu ba a cire ba, kabad cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba, sai hoton babbar 'yarta a saman talabijin, wadda ta rasu tun kafin in shigo gidan, kuma ba a maganarta. A tsakiyar tebur, a kan wani ƙyalle mai aikin hannu, ga abin da Umma ta raba ni da shi yana jira na: injin awon jini.

Ashe a gidan Hajiya awo ke gaba da ruwan sha. Mai kawo gas sai an auna shi. Mai gyaran famfo sai an auna shi. Akwai wata ƙawarta da ta daina zuwa saboda kullum sai an ce mata ta rage maiƙo.

"Sannu da zuwa, 'yata. Zauna. Miƙo hagu."

Na ce, "Hajiya, ko dama?"

"Hagu ake aunawa, shi ne kusa da zuciya. Shekarata goma sha biyu ina wannan aikin."

Na naɗe hannun doguwar rigata shuɗiya, ta ɗaura, ta danna. Inji ya yi ƙugi, ya matse, ya saki, ya sake matsewa kamar mai neman abin da ya ɓace masa a aljihu. Can ya gaji ya fito da harafin E, alamar ya kasa aunawa.

Hajiya ta ɗora gilashi. Ta sake. E. Ta canja batir. E. Ta ɗaura a nata hannun, nan take ya ba da lamba tsaf.

Na ce a raina, shi ke nan, ramin ƙarya ƙurarre ne, tun ranar farko asirina ya tonu. Sai na ji ta yi tsaki.

"Ka ji munafukin inji. Ya saba da hannuna ne, ya haddace. Injin kirki kowa yake aunawa."

Ta yafa mayafi ta nufi wajen Mai Kemis.

Ta dawo da sabo, fari mai madanni babba. E. Washegari ta mayar, ta karɓo wani mai magana da muryar mace. Wannan ya matse ni har sau uku, sannan matar ciki ta ce a sake gwadawa.

"Ke za ki koya min aiki?" Hajiya ta ce da injin.

Ina ɗaki na turo wa Mai Firji saƙo: "Hajiya ta mayar da inji na biyu, yanzu tana faɗa da na uku."

Ya turo fuskar dariya guda bakwai. Sai kuma: "Gimbiya, wasa ya isa. Ki gaya mata, ko ni in kira ta."

"Ka kira ta, ni kuma Umma ta yanka ni."

"To kina dai auna ƙafar da namu?"

Na rubuta, "Eh." Ku zage ni a nan, na yarda, ni ma na zagi kaina.

Rana ta huɗu Mai Kemis da kansa ya zo, riƙe da kwali na huɗu a ƙirji. Ɗan siririn mutum ne mai sanƙo, da farar riga da biro uku a aljihu. Ya tsaya a bakin falo kamar ɗalibin da aka kira ofis.

"Hajiya, wallahi tallahi duk ukun nan na gwada su a kan mutum tara. Har mai wankin mota na tare."

"To ƙarya nake yi?"

"A'a, Allah ya tsare ni. Cewa na yi ko za a gwada ɗaya hannun."

"Hagu ake..."

"Don girman Allah, Hajiya. Sau ɗaya."

Ta harare shi, ta harari hannuna na dama kamar shi ya yi laifin, sannan ta ɗaura. Inji ya yi ƙugi, ya yi tunani, ya fito da tamanin da biyar bisa hamsin da biyar.

Mai Kemis ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Ya yi!"

"Ya yi me? Kana ganin jinin yarinya a ƙasa warwas kana murna? Miƙo naka hannun ma in gani."

Nasa ɗari da hamsin ya nuna. Ta ce ya rage fushi.

Daga wannan rana na shiga hannun gishiri. Shinkafa da gishiri, ƙwai da gishiri, kifin gwangwani safe da rana. Har shayi sai ta ɗan barbaɗa, wai don jinin ya farfaɗo. Ni da likita ta ce in yi hankali da gishiri, ga ni ina haɗiya ina cewa, "Ya yi daɗi, Hajiya." In ta juya baya in zuba wa shukar da ke bakin taga. Kwana biyu shukar ta sunkuyar da kai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Rana ta shida ina wanka ta shiga gyara min ɗaki, don Hajiya ba ta yarda da shimfiɗar gadon kowa ba. Na fito da tawul a kai na same ta tsaye, gwangwanin man shafawa a hannu ɗaya, katin magani a ɗayan, gilashi a kan hanci.

"Wannan irin nawa ne sak. Me maganin hawan jini yake yi a kayanki?"

Kun ga nan ne wajen faɗin gaskiya. Ƙofa ce Allah ya buɗe min har da labule. Amma bakina ya riga hankalina.

"Na Umma ne. Ta manta shi a jakata."

"Innalillahi! To Allah ya rufa asiri da ba ki sha ba. Mai tamanin da biyar ta sha wannan ai sai dai a kwashe ta." Ta wuce ɗakinta ina biye da ita, ta jefa shi a aljihun tebur, ta murɗa mukulli, ta saka mukullin a jakarta. "In ta zo na ba ta da hannuna."

Gaba kura, baya siyaki. Kemis ɗaya ne a layin, kuma ko zan mutu ba zan iya shiga in ce wa mutumin nan ya ba ni maganin hawan jini ba. Fita nesa kuwa Hajiya ta hana, wai mai jini ƙasa jiri zai iya kayar da ita a titi. Na ce zan daure in san dabara. Kwana biyu ina neman dabara, dabara ba ta zo ba.

Safiyar rana ta takwas na tashi kaina kamar ana daka a ciki. Zoben aurena ya ƙi juyawa a yatsa. Na zura ƙafa a silifas, ya ƙi shiga. Da na kalli farin bangon ɗakin sai na ga wasu 'yan ƙyalƙyali suna yawo kamar ƙwari. A daidai lokacin abin cikina ya yi min wani ɗan shuri a ƙasan haƙarƙari, a hankali, irin na mai taɓa ƙofa.

Wallahi sai na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ba don kaina ba. Shekara biyar ina jin ana cewa wataƙila, wataƙila, sai ga shi Allah ya ba ni, ni kuma ina wasa da shi saboda kunyar suruka.

Na rubuta wa Umma: "Zan faɗa mata yau." Ban ma tsaya bayanin magani ba.

Amsa ta zo nan take: "Kar ki kuskura ki faɗa wa matar nan. Saura kwana shida."

Na kife wayar na fita falo da zanin barci da hula a karkace. Hajiya na zaune da injinta, hasken safe ya cika ɗakin, ga kofin shayina mai gishiri yana jira.

"Zauna. Miƙo dama, tunda naki a juye yake."

Ta auna. Casa'in da biyar bisa sittin.

"Kin gani? Gishiri yana aiki. Yau za mu ƙara."

"Hajiya," na ce, "ba a nan ake auna ni ba."

Ban jira amsa ba. Na sauka na kwanta a kan kafet ɗinta mai fulawa, na miƙe ƙafata kumburarriya a gaban surukata, tsohuwar shugabar makaranta. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ke! Lafiya? Jirin ne?"

"A ƙafa ne. Injinanki lafiyarsu ƙalau, duka huɗun. Hannuna ne babu bugu."

Ina kwance ina kallon fanka na zayyana mata komai: jijiyoyin, likitar, ɗari da sittin, maganin da ke kulle a teburinta, da kaina da ke sarawa. Ina magana ina kuka, hawaye na shiga min kunne. Na gama na rufe ido ina jiran a ce in tattara kayana.

Sai na ji ƙas, ƙas. Gwiwoyin Hajiya ne. Matar da a kan kujera take sallah saboda ciwon gwiwa, ita ce ta durƙusa a ƙasa. Ta ɗauki ƙafata ta ɗora a cinyarta, a kan leshinta mai ruwan zuma.

"A ina ake ɗaurawa?"

"Saman idon sawu."

Ta ɗaura, ta danna. Injin da ya kwana huɗu yana raɗa ya yi ƙugi ya fito da ɗari da saba'in da takwas bisa ɗari da takwas.

Hajiya ba ta kalle ni ba. Hoton saman talabijin ta kalla.

"Ita ma kai ta ce min yana ciwo," ta faɗa a hankali. "Cikinta wata bakwai. Na ba ta maganin ciwon kai na ce ta kwanta ta huta. Lokacin ba ni da inji."

Sai a sannan na gane dalilin da ya sa ake auna mai gas da mai famfo. Na buɗe baki in ce wani abu, ta daka min tsawa.

"Rufe min baki! Ina lambar likitar?"

Na buɗe mata wayata. Ta kira, ta karanto lambobin kamar sakamakon jarrabawa, likita ta ce a kawo ni yanzu yanzu, a taho da magungunan duka. Hajiya ta miƙe, ban san da waɗanne gwiwoyi ba, ta rufa min mayafinta, ta saƙala inji a hammata, ta ja ni waje. Motarta ta yi tari sau uku ta mutu. Ta waiga bakin layi.

Mai Kemis yana share gaban shago. Yana hango ta da inji a hammata tana nufo shi da sauri, ya yar da tsintsiya ya fara jawo ƙofa.

"Ba mu buɗe ba, Hajiya! Wallahi babu na biyar!"

"Ɗauko motarka, asibiti za mu!"

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Yana ganin fuskata bai ƙara tambaya ba. Muna tafe yana ratsa layuka, ni a baya kaina a kafaɗar Hajiya, sai ta yi gyaran murya.

"Injinanka lafiyarsu ƙalau."

Ya kalle ta ta madubi. "Duka?"

"Duka. Kalli gabanka."

Na rantse sai da ya share ido da bayan hannu.

A asibiti wata nas ta taho da sauri ta kama hannuna na hagu za ta ɗaura. Hajiya ta buge hannunta.

"Ƙafa! Ba a koya muku ba? Hannunta maƙaryaci ne."

Matar da ta san zancen minti arba'in da suka wuce ke nan.

Aka ba ni gado, aka ɗebi jini da fitsari, aka ba ni magani. Likitata ta zo ta wanke ni tas, ta ce da na ƙara kwana ɗaya da labarin ya canja, kuma ba inda za ni sai ta ga jinin ya zauna. Sannan ta ɗora abin saurare a cikina. Ɗakin ya cika da bugu, da sauri da sauri, tsaf tsaf. Hajiya ta dafe ƙarfen gado.

"To," ta ce, "shi dai nasa ana ji."

Wajen azahar jinin ya fara sauka, ƙyalƙyalin ya ɓace. Mai Firji ya bar kifin mutane ya kamo hanya, ya turo saƙo goma sha ɗaya, na ƙarshe yana cewa in ya iso sai ya cire zuciyar da ke gefen sunana. Hajiya na zaune a kujerar roba kusa da ni, inji a cinya, ta hana kowace nas wucewa sai ta ga abin da aka rubuta.

"'Yata," ta ce, "ciwo ba laifi ba ne. Da kin faɗa min tun ranar farko, da ni zan riƙa durƙusa miki kullum. Amma ke ba ki da wayon ɓoye magani a gwangwanin man shafawa. Wa ya ce ki ɓoye min?"

Na ce kaina ne ke ciwo.

"Ɗari da arba'in yake yanzu, ba ya ciwo."

A nan na tuna wayata tun safe tana hannunta, a buɗe. Kuma a daidai lokacin ta yi ƙara. Umma ce ta turo: "Ya ake ciki? Kin dai yi shiru ko?" Saƙon safe yana zaune a samansa, baƙi a kan fari.

Hajiya ta ɗora gilashi a hankali. Ta karanta na ƙasa, ta karanta na sama, leɓenta na motsi. Na ja bargo har hanci. Ta danna kira, ta saka a lasifika, ta gyara zaman injin a cinyarta.

Umma ta ɗauka da sauri. "Ke, ina fata ba ki faɗa mata ba?"

"Salamu alaikum," in ji Hajiya, da muryar taron makaranta. "Matar nan ce ke magana. Jikanmu lafiya, 'yarmu ma da sauƙi. Ki taho asibiti yanzu. Kuma ki sako riga mai faɗin hannu, don ina da inji a nan, na kuma san naki yau sai ya hau."